Manhaja da Kayan Cikinta: Sharhi Daga Gidan Rumji

Akwai wata mas'ala a cikin ilmin rubuta manhaja wadda masu koyarwa kan wuce ta da hanzari, suna ganin ba ta kai a tsaya mata ba, alhali kuwa ita ce takan raba tsakanin manhajar da ke aiki a kan teburin wanda ya rubuta ta kaɗai da wadda ke aiki duk inda aka kai ta. Mas'alar ita ce, ta wace hanya manhaja za ta sami fayilolin da take dogara a kansu, watau jerin sunaye, da hotuna, da taswira, da fassarar kalmomin da ke bayyana a fuskarta, bayan an ƙunshe ta an raba wa jama'a, ta sauka a kan na'urar da mai rubuta ta bai taɓa gani ba, kuma ba zai taɓa gani ba? Domin manhaja ba umarni ba ce zalla. Akwai umarnin, akwai kuma kayan da umarnin yake aiki da su, kuma idan na biyun ya ɓace, na farkon ya zama wahalar banza.

Na zaɓi in dubi wannan mas'ala daga Gidan Rumji ne saboda a irin wannan wuri illarta take fitowa fili. Garin yana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta ratso ta Yamai ta biyo ta Dosso da Birnin Ƙonni da Madawa ta nufi Maraɗi da Damagaram, kuma gundumarsa ta haɗa da Tsibirin Gobir, da Cadakori, da Gidan Sori, da Saye Sabuwa. Wanda ya san tarihin wannan yanki na shekarun baya-bayan nan ya san cewa aikin ƙidaya da rubuta sunayen mutane bai taɓa yankewa a cikinsa ba: tun daga yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi jinyar dubban yara masu tamowa a jihar Maraɗi, zuwa rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, zuwa shekarar 2019, sa'ad da dubun-dubatar mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suna gudun 'yan bindiga, har Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da waɗansu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ƙidaya irin wannan a yau da waya ake yinta ko da kwamfutar hannu, kuma mafi yawanta a ƙauyukan da rezo yake zuwa ya tafi, ko ma babu shi sam. Ma'aikacin da ke birni, in manhaja ta ce masa ba ta ga fayil ba, sai ya sake sauko da ita cikin minti biyar. Wanda ya hau babur tun asuba ya shiga yashi, ga mata sun jeru a gindin gawo da 'ya'yansu a goye, ya buɗe takardar tambayoyi ya tarar gurbin da ya kamata sunayen ƙauyuka su fito babu kome a ciki, wannan ba shi da abin yi sai ya ba jama'a haƙuri ya juya, kuma ba kowace uwa ce za ta sake barin gona ta dawo gobe ba.

Asalin illar yana cikin yadda ake gaya wa na'ura inda abu yake. Adireshin fayil iri biyu ne. Akwai cikakke, wanda yake farawa daga tushen ma'ajiyar na'ura ya bi folda bayan folda har ya kai ga fayil. Aibinsa a bayyane yake, gama yakan ɗauko sunan mai kwamfutar da tsarin da ya shirya wa kansa, kuma babu wata na'ura a duniya da aka wajabta wa ta yi kama da tasa. A Windows adireshi yana farawa da harafin faifai, galibi C, ana raba sassansa da karan da ya jingina baya. A Linux da Android da na'urorin Apple babu harafin faifai, karan kuma gaba yake karkata. Saboda haka mai koyo, da zarar ya gane wannan, sai ya gudu zuwa iri na biyu, watau gajeren adireshi, ya rubuta sunan folda da sunan fayil kawai, ya ga abu ya yi aiki, ya ɗauka ya tsira. Amma gajeren adireshi ba daga inda manhaja take zaune ake lissafa shi ba. Daga wani wuri ake lissafa shi da za mu iya kira mazaunin aiki, watau foldar da na'ura ta ɗauka ana tsaye a cikinta a lokacin da aka ta da manhajar, wannan kuwa yana sauyawa gwargwadon wanda ya ta da ita da yadda ya ta da ita. Misalinsa kamar malamin da ya saba ce wa almajirinsa, miƙo mini littafin da ke hannun damana. Muddin yana zaune a zaurensa, a kan buzunsa, yana fuskantar inda ya saba fuskanta, maganar daidai take. Ranar da ya yi tafiya ya sauka a zauren wani, hannun daman yana nan, littafin ne babu. Malamin da ya san tafiya a gafaka yake sa littafinsa ya rataya, in ya ce a miƙo, gafakar yake nufi, ko a wane gari aka kwana.

To, ko da mutum ya gyara wannan, ya koya wa manhajarsa ta fara gano inda ita kanta take sa'an nan ta lissafa daga can, akwai sababi na biyu da ya fi na farko ɓoyuwa, shi ne cewa ƙunshin da ake raba wa jama'a sau da yawa ba folda ba ne. A shekarar 1989 wani Ba'amurke mai suna Phil Katz ya fito da tsarin ZIP, wanda yake matse fayiloli masu yawa ya mai da su guda ɗaya, kuma a kan wannan tsari aka gina ƙunshin JAR na harshen Java da ƙunshin APK na Android, wanda kowane mai gyaran waya a kasuwar Maraɗi ya san sunansa. Abin da ke cikin irin wannan ƙunshi ba shi da adireshin kansa a kan ma'ajiya. Na'ura fayil ɗaya take gani, hoton da jerin sunayen kuwa wani yanki ne a tsakiyarsa, a matse. Don haka umarnin da yake buɗe fayil ta adireshi yana aiki lafiya lau a lokacin rubutu, sa'ad da kome yake a warwatse a folda, ya kuma mutu a ranar da aka ƙunshe. Wannan shi ne dalilin da ya sa kalmar nan, ai a wurina tana aiki, ta zama abin da aka fi ji daga bakin masu wannan sana'a, kuma mai faɗinta ba ƙarya yake yi ba.

Maganin da masana suka haɗu a kansa, ko da yake kowane harshe da lafazinsa, shi ne manhaja ta daina tambayar ma'ajiya da adireshi, ta riƙa tambayar ƙunshin da suna, ta kuma karɓi abin da aka ba ta a matsayin bayani mai kwarara wanda ake karantawa daga farko zuwa ƙarshe, ba tare da ta nemi sanin inda yake kwance ba. A Java akwai umarnin getResourceAsStream, wanda yake neman abu ta hanyar da aka loda manhajar kanta, ko a folda take ko a cikin JAR. Sai dai yana da hali guda da ya kamata a kiyaye, in bai sami abin ba ba ya ƙara, hannu wofi yake dawowa, sai can gaba manhaja ta faɗi a wurin da ba shi ne asalin laifin ba. A Python an daɗe ana dogara da sunan fayil ɗin umarnin don a gano maƙwabtansa, har aka shigo da importlib.resources a fitowa ta 3.7 a shekarar 2018, aka ƙara kyautata shi a ta 3.9 a 2020. A Android akwai folda mai suna assets da ma'aikacinta AssetManager. Na'urorin Apple suna da nasu ƙunshin mai wurin ajiye kaya na musamman, harshen Go kuwa tun fitowarsa ta 1.16 a 2021 ya ba da damar a dasa fayil a cikin jikin manhajar tun lokacin gina ta. Wanda yake ƙunshe manhajar Python da PyInstaller ta zama fayil guda, ya sani cewa duk lokacin da aka ta da ita sai ta zazzage kayanta a wata folda ta wucin gadi mai sabon suna, ta share in an gama, don haka sai ya tambaye ta sunan wannan folda a lokacin aiki. Lafuzza sun bambanta, hukuncin ɗaya ne.

Hujja mafi ƙarfi da na sani a kan ingancin wannan ƙa'ida tana cikin manhajar da masu ƙidaya a ƙasashenmu suka fi riƙewa a hannu. ODK Collect ta samo asali ne daga aikin masana na Jami'ar Washington a wajen 2008, kuma a kanta aka gina KoboCollect, wadda ƙungiyoyin agaji suke amfani da ita ƙwarai a Nijar da sauran ƙasashen Sahel. Takardar tambayoyi a wannan tsari takan zo da abokan tafiya: jerin ƙauyuka, da hotunan da za a nuna wa wanda bai yi karatu ba, wani lokaci har da murya da aka ɗauka da Hausa. Waɗanda suka tsara ta ba su bar takardar ta ambaci inda waɗannan abubuwa suke a cikin waya ba. Suna kawai take kira, da wata alama mai farawa da jr, manhajar ce take da alhakin sanin inda ta ajiye su. Shekara da shekaru ana ajiye su a wata folda mai suna odk a fili cikin ma'ajiyar waya, inda kowa zai iya shiga ya kwafa. Sai kamfanin Google ya sauya doka: daga Android 10 a 2019, da ƙarfi kuma a Android 11 a 2020, aka taƙaita wa kowace manhaja shiga ma'ajiyar gama-gari, aka ce ta zauna a ɗakinta. Dole ODK ta kwashe kayanta ta koma wata folda a ƙarƙashin Android/data mai ɗauke da sunanta. Wurin zama ya sauya gaba ɗaya, amma dubban takardun tambayoyi da aka rubuta tun kafin wannan doka ba su bukaci a sake rubuta sunayen kayansu ba, domin tun asali ba su san adireshin ba balle sauyinsa ya dame su. Da a ce kowace takarda ta rubuta cikakken adireshi a cikinta, da an yi asarar da ba ta misaltuwa.

Amma wannan ƙaura ta zo da wani sharaɗi da nake ganin wajibi ne a karanta wa duk wanda aka damƙa wa wayar aiki. Abin da ke cikin ɗakin manhaja yana tafiya tare da ita. In aka cire manhajar, Android yana share ɗakin da duk abin da ke ciki. Sai a ɗauka ma'aikaci ya yi kwana uku a ƙauyukan Gidan Sori yana cika takardu bai sami rezon aikawa ba, wayar ta fara nauyi, ya kai wa mai gyara a bakin tasha, shi kuwa mai gyara, bisa al'adarsa ta alheri, ya cire manhajar ya sake sa ta don ta yi sauƙi. Wayar ta yi sauƙi, sunayen mutanen kwana uku sun tafi. Babu mugunta a ciki ko kaɗan, jahilcin wuri ɗaya ne, kuma wanda ya horar da ma'aikacin bai faɗa masa ba shi ya fi kowa alhaki.

Wannan ya kawo mu ga rarrabewar da ita ce rabin fiƙihun mas'alar, watau bambanci tsakanin abin da manhaja take karantawa da abin da take rubutawa. Kayan da aka ƙunso tare da ita na karatu ne kawai. APK yana ɗauke da sa hannun mai shi, ba a taɓa cikinsa bayan an girka. A Windows, tun daga Vista a 2007, an tsananta hana manhaja rubutu a foldar da ake girka manhajoji, aka nuna mata AppData. A Linux akwai wuraren da aka keɓe a gidan kowane mai amfani don saituna da bayanai. Saboda haka manhajar da ta zo da rumbun bayanai wanda za a riƙa ƙara masa abu, hanyar da aka sani ita ce ta kwafe shi daga ƙunshi zuwa wurin da aka halatta mata rubutu a ranar da aka fara buɗe ta, ta ci gaba da aiki da kwafin, kuma wurin nan ma tambayar na'ura za ta yi ta nuna mata, ba za ta ƙaddara shi da ka ba. Wanda ya gwama waɗannan biyu, ko dai manhajarsa ta kasa ajiye kome a na'urar da aka tsare, ko kuma sabuwar fitowa ta zo ta murƙushe abin da mutane suka tara.

Sa'an nan ko an sami fayil an buɗe, saura karanta shi daidai, kuma a nan mu Hausawa muke da kaso na musamman a cikin wahalar. Fayil ɗin rubutu lambobi ne kawai, sai an san da wane ma'auni aka rubuta shi kafin a mai da lambobin haruffa. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar. Tsohon ma'aunin Windows na Yammacin Turai kuwa yana da haruffan Faransanci duka amma ba shi da namu. In aka rubuta fayil da na farko, manhaja ta buɗe shi ba ta ambaci ma'auni ba, sai na'ura ta zaɓa mata nata, Maraɗi ta koma MaraÉ—i, ƙauye ya koma Æ™auye, kuma mai neman sunan garinsu a jerin ba zai same shi ba ko da yana nan. Java ba ta mai da UTF-8 abin da ake ɗauka kai tsaye a kowace na'ura ba sai a fitowa ta 18 a 2022, don haka ambaton ma'auni a fili duk lokacin da za a buɗe fayil bai zama ƙawa ba. Akwai kuma wata 'yar fitina da ta keɓanci ƙasashen da ke aiki da Faransanci: da yake a Faransanci waƙafi ne yake raba lamba da ɓangarenta, Excel ɗin da aka saita da wannan harshe yakan raba ginshiƙan fayil ɗin CSV da waƙafi mai ɗigo, alhali manhajar da aka rubuta a Amurka zallan waƙafi take jira. Jerin da aka gyara a ofis a Yamai ko Maraɗi sai ya iso waya a matsayin ginshiƙi ɗaya dogo marar ma'ana. Haka nan babban baƙi da ƙarami a sunan fayil: Windows ba ta damu ba, cikin JAR da Linux kuwa suna biyu ne dabam.

Sauran tambayar ita ce me za a ƙunsa, me za a bari sai an sauko da shi daga baya, kuma a nan ra'ayina ya saɓa wa abin da ya zama yayi. A garuruwanmu manhaja ba daga kantin Google take zuwa ba a mafi yawan lokaci. Daga wayar aboki take zuwa ta Xender ko Bluetooth, ko daga kwamfutar mai tura waƙoƙi da wa'azi a kasuwa. Dattijo yakan biya a sa masa manhajar Alƙur'ani, ya koma gida ya buɗe, ta ce sai ta sauko da shafuka tukuna, domin abin da aka tura masa ɓawo ne, shafukan da ƙira'ar suna can a intanet. In ma ya sami sauko da su, sai ya duba ko ruwayar Warshu ce da ya tashi da ita a makarantar allo. Tun watan Agusta na 2021 kuma Google ta wajabta wa sababbin manhajoji wani tsari da yake rarraba ƙunshi gida-gida gwargwadon irin wayar da harshenta, ta yadda abin da ke kan wayar wani ba lalle ne ya zama cikakke a kan ta wani ba, in an tura guntu ɗaya sai ya ƙi girkuwa ko ya buɗe ya faɗi. Masu wannan tsari suna da hujjarsu, gama yana rage nauyin abin da ake saukowa da shi, ƙananan wayoyin Itel da Tecno kuwa ba su da wurin ɓarna. Duk da haka ina ganin wanda yake rubuta manhaja don mutanen Gobir da Katsinar Maraɗi, amana ce a wuyansa ya sa duk abin da ba ta aiki sai da shi a cikin ƙunshi guda da za a iya turawa hannu da hannu, ya bar abin ƙari kawai ga intanet. Kuma kada ya gamsu da gwajin da ya yi a kwamfutarsa: ya ɗauki ƙunshin da zai raba, shi kansa ba wani ba, ya sa a wayar da ba ta taɓa ganin manhajar ba, ya kashe rezo, ya mai da harshenta Faransanci, sa'an nan ya buɗe kowane shafi.

Sai dai ƙunsawa tana da nata farashi, shi ne abin da aka ƙunsa yana tsufa. A shekarar 2011 gwamnatin Nijar ta ƙara yawan gundumomi daga 36 zuwa 63, a cikin haka aka cire Gazawa daga Agye ta zama gunduma mai zaman kanta, aka cire Bermo daga Dakwaro. Duk jerin da aka shirya kafin wannan shekara yana sa Gazawa a ƙarƙashin Agye, kuma manhajar da ta haɗiye shi za ta ci gaba da faɗin haka da cikakken tabbaci har ranar da aka sabunta ta. Ƙauyuka ma haka suke, ana kafa sababbi, matsugunan 'yan gudun hijira suna zama garuruwa, asibitin karkara yana samun ƙarin matsayi. Don haka jerin da aka ƙunso ya kamata ya ɗauki lambar fitowa da kwanan wata a jikinsa, kowane gari kuma ya sami lambar da ba ta sauyawa ko an rubuta sunansa da rubutun Faransanci ko da na Hausa. Manhaja ta fara duba wurin da take rubutu ko akwai sabon jeri da aka sauko da shi ranar da aka shiga gari aka sami rezo, in akwai kuma ya fi na ƙunshi sabunta ta ɗauke shi, in babu ko ya iso a gutsure ta koma ga wanda ta zo da shi. Kuma kowace takarda da aka cika ta tafi da lambar jerin da aka cika ta da shi, don wanda zai haɗa lissafi a Maraɗi ya san wace Agye ake nufi, ta kafin 2011 ko ta bayanta.